Shekarar da Na Ƙi Kujera Saboda Ganyen Gwaza

Ummi, Nura, Hafsat, wannan babin dominku na rubuta shi, kuma abin da ya zaunar da ni rubuta shi na gan shi ne ranar sunan ɗiyar Nura. Anti Rifkatu ta taso tun daga Kuje da sandarta da ciwon ƙugunta, ta shigo tsakar gida da turmin atamfa a hammata tana guɗa irin tata wadda ba ta taɓa iyawa ba, sai na ga gaisuwar da kuka yi mata. Ba ku yi mata rashin kunya ba, ban tarbiyyantar da ku a kan haka ba. Amma gaisuwa ce ta fatar baki, kowa ya durƙusa ya tashi ya kama gabansa, babu wanda ya tsaya ya tambaye ta ya jiki. Na san dalili. Har yau kuna riƙe da labarin cewa ita ta bi ta bayan fage ta karɓe kujerar darakta da aka ce tawa ce. Na sha gaya muku ba haka aka yi ba, kuna ɗauka kawaici ne irin nawa. To ga yadda aka yi tun daga tushe, kuma Babanku yana zaune kusa da ni ina rubutawa, ya ce kada in rage komai, har da nasa.

Ni da Rifkatu lokaci guda muka fara aiki a cibiyar bincike da ke kan hanyar Gwagwalada. Ita daga duwatsun Filato ta zo, ni daga Zariya, aka haɗa mu ɗaki ɗaya da tebur biyu da fanka mai ƙara. Da azumi takan fita bayan gini ta sha shayinta don kada in gani, da Kirsimeti kuwa ku kun fi kowa sanin shinkafarta. Ni kimiyyar haɗa sinadarai na karanta, kuma a shekarun farko hannuna kullum yana cikin kwalabe. Amma aikin gwamnati yana da wata ɗabi'a: duk lokacin da aka ƙara maka girma sai a ƙara nisanta ka da abin da ka iya. Na wayi gari aikina ya koma taro da sa hannu da rabon faɗa tsakanin ma'aikata. Wata rana na ɗauko farar rigata ta ɗakin gwaji daga bayan ƙofa don in gwada, maɓallin ciki ya ƙi haɗuwa. Rifkatu ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ni ma na yi, amma da ta fita na daɗe zaune da rigar a cinyata.

A farkon shekarar da nake ba ku labari aka tura ni wani taro a ƙasar waje in wakilci cibiya. A can ne wata mai bincike ta miƙo mini ɗan faranti baƙi, bai fi kwalin ashana ba. Ta ce in karkata shi wajen taga. Na karkata, sai baƙin ya tsage ya koma kore, ya koma shuɗi, ya koma ja kamar wuyan ɗawisu. Ta ɗiga ruwa a kai. Ɗigon bai baje ba, ya dunƙule kamar dutsen ado, ya gangara ya faɗi, wurin ya zauna a bushe. Babu fenti a jikinsa, babu rini, babu mai. Girafin ne. Ku da ba ku bi layina ba, ga shi a sauƙaƙe: baƙin da ke cikin fensir shimfiɗa-shimfiɗa ne, kamar takardun littafi a jere, idan aka iya zare shimfiɗa guda, wadda ido ba ya ganin kaurinta, ita ce girafin. Su sun sassaƙa fuskarsa da wata babbar na'urar leza mai yanka da haske, wadda mu a cibiyarmu ko a mafarki ba mu da ita. Na mayar mata da farantinta na yi godiya, amma har na sauka a filin jirgin Abuja yana cikin idona.

Da damina ta kankama, wata Asabar na tsaya a Paikon Kore sayen doya da gwaza wajen wata Bagwariya da na saba ciniki da ita. Muna cikin ciniki ruwa ya sauko. Ni na ruga ƙarƙashin rumfa, ita kuwa ta tsinko ganyen gwaza mai faɗi ta kifa a kanta ta ci gaba da ɗaura mini kaya. Na tsaya ina kallon ruwan yana bugun ganyen yana tarwatsewa, yana gangarowa dunƙule-dunƙule, ganyen ko laima bai yi ba. Tun ina yarinya na san ganyen gwaza ba ya jiƙewa, kowa ya sani, amma ranar ce na fara kallonsa da idon wadda ta riƙe wancan farantin. Na ce ta tsinko mini ganye da yawa.

Ta ce, "Hajiya, ganye kuma? Wannan ko akuya ba ya so. Kwashe duka, kyauta ne."

Da Litinin na sa shi a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Fuskar ganyen ba sumul take ba. Tuddai ne ƙanana a jere, kowane tudu kuma da wasu 'yan gashi a kansa. Ɗigon ruwa ba ya samun wurin zama, sai ya tsaya a kan tsinin tuddan, iska na ƙarƙashinsa, da an ɗan karkata sai ya tafi. Launin kuwa, a motar haya na tuna da shi, da na ga tsohon faifan sidi da direba ya rataye a madubi yana walƙiya da bakan gizo. Faifan ba shi da rini. Layuka ne sirara ƙwarai aka zana a jikinsa, su suke raba hasken rana launi-launi, kamar yadda fiffiken malam-buɗe-littafi yake yi. Na ce a raina, idan Allah ya riga ya ajiye mini tuddai a ganye, mutane kuma sun zubar mini da layuka a bola, me zai hana in kwafi su biyun in ɗora a kan girafin, ba tare da leza ba?

Ina cikin wannan tunani daraktanmu mai barin gado ya kira ni. Ya ce sunana ne a sama cikin waɗanda za su gaje shi, magana ta kusa ƙarewa. Ofishin a cikin gari yake, da mota da direba, da gida ba nisa da Apo. Kun san abin da wannan yake nufi ga Babanku. Shekara da shekaru yana tashi daga Gwagwalada da asuba ya bi hanyar filin jirgi zuwa garejinsa na fentin mota a Apo, ya dawo da yamma cikin cunkoson Lugbe, gwiwarsa ta hagu tana kumbura saboda taka kuloci. Da na gaya masa, kafin la'asar duk layin makanikai sun ji. Gwaggonku Larai, yayarsa, har ta fara zancen anko. Ke ma Hafsat kin kira ni daga makaranta kina tambaya ko ɗakinki zai kasance a sama.

Ni kuwa raina ya ƙi yin fari. Shekarun da suka rage mini kafin ritaya ba su da yawa, kuma na san ba za su ishi abu biyu ba. Idan na hau kujerar, na gama da ɗakin gwaji har abada. Na yi istihara, na yi ta juya abin, kullum zuciyata wuri guda take komawa. Rifkatu na fara gaya wa, domin sunanta ne ke bin nawa.

Ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta tsaya a kaina. "Maman Ummi, kina lafiya kuwa? Wane irin magana ne wannan? Mutane suna azumi da addu'a saboda wannan kujera, ke za ki bar shi saboda ganye?"

Na ce, "Ke kin iya mutane, kin iya taro, kina jin daɗinsa. Ni kullum na fito taro kaina ciwo yake. Ki karɓa, ki bar mini ɗakin baya da makullinsa."

"Ba zan karɓa ba. Me zan gaya wa Alhaji? Me yara za su ce?"

"Idan kin ƙi, wani za a kawo daga waje, kuma shi ba zai ba ni ɗakin ba."

Ta zauna a bakin tebur, sai na ga hawaye. Ku riƙe wannan da kyau: sai da na yi ta roƙonta kafin ta yarda. Ba ta nemi kujerar ba, ni na tura ta.

Babanku na gaya masa da safiyar Asabar, muna karyawa da koko da ƙosai. Ya ajiye ludayi a hankali.

"Sake faɗa, ban ji ba."

Na sake faɗa.

"Dakta, an kore ki ne kike ɓoye mini?"

"Ba wanda ya kore ni, Alhaji. Ni na ce ba na so."

"To ni in je Apo in ce me? In ce matata an ba ta darakta ta ce a'a, ta fi son wasa da ganyen gwaza? Ai gara a ce an danne ki, wannan kowa zai gane."

Bai ɗaga murya ba, kun san ba halinsa ba ne. Ya tashi ya ɗauki makullin mota ya fita, ƙosansa ko rabi bai ci ba. Daga ranar ya daina kira na Dakta, ya koma Hajiya, kamar wata baƙuwa da ta kawo mota fenti. Raken da yake tsayawa ya saya mini a Giri ya daina zuwa. Ba mu yi faɗa ba, amma gidan ya yi sanyi. Kuma ban ga laifinsa ba, domin gwiwarsa ce za ta biya abin da na zaɓa, ba tawa ba. Duk yammacin da na ga ya fito daga mota yana dafa ƙofa kafin ya miƙe, sai in ji kamar in koma in ce na fasa.

Da aka naɗa Rifkatu, abu na farko da ta yi shi ne ta zo gidanmu ta durƙusa gaban Babanku ta ce ya yi haƙuri, ba da son ranta ba ne. A motar ofis aka kawo ta. Gwaggonku Larai tana nan ranar, ta leƙa ta taga ta ga motar da direba, ba ta tsaya jin abin da aka ce a falo ba. Kafin mako ya zagayo labarin ya kai Kaduna wajen Ummi, ya kai makarantunku ku biyu, an ƙara masa gishiri: ƙawa ta ci amana, har ta zo nuna mota. Gwaggo ba mugunta ta yi ba, kishin ƙaninta ne, kuma a ganinta babu mai hankalin da zai ƙi kujera. Babanku kuwa bai ƙaryata ba a lokacin, domin labarin ya fi masa sauƙin ɗauka. Nan ne asalin abin da kuke riƙe da shi.

Akwai sauran abin da na biya. Waɗanda na koya wa aiki suka wuce ni, a taro aka koma zaunar da ni a layin baya, masu zuwa gaishe ni da Sallah suka ragu. Amma wallahi da na buɗe ɗakin bayan nan, na share yanar gizo-gizo, na sa sabuwar farar riga daidai jikina, ji na yi kamar an mayar mini da shekaru ashirin. Rifkatu ta cika alkawari har ta ƙara. Ta cire sunana daga kwamitoci, ta samo mini lokaci a babban madubin da kowa ke rububi, duk wanda ya je mata da ƙorafin cewa Hajiya ta koma wasan yara sai ta ce ya je ya yi aikinsa.

Baƙin da nake buƙata daga matattun baturan tocila na samo shi, sandar da ke tsakiyarsu. Sai a wanke, a niƙa, a dafa da sinadarai masu ƙarfi cikin taka-tsantsan, har shimfiɗun su saki juna su koma ruwa mai kalar shayi ba madara. Wannan ruwan ake fesawa a faranti ya bushe. Na zuba roba mai daskarewa a kan ganyen gwaza na kwafi tuddansa, na ɓare faifan sidi na kwafi layukansa, na riƙa danna su a kan girafin kafin ya gama bushewa. Nan na gamu da abin da ya kusa sa ni kuka. Idan na danna layukan faifai, launi ya fito gwanin sha'awa, amma ruwa ya kwanta ya manne. Idan na danna tuddan ganye, ruwa ya ɗan gangara, amma farantin ya zama baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Kowanne yana kashe ɗan'uwansa. Daga baya na karanta cewa haske mai ƙarfi na ɗan lokaci yana sa fuskar girafin ta yi ƙananan ɓawo-ɓawo, kwatankwacin 'yan gashin nan na kan ganye. Na ari fitilar kyamara wajen mai ɗaukar hoton biki. Da na haska sai na ji tas, launin ruwan ƙasan ya koma baƙi nan take. Dabarar ta yi, saura abu ɗaya. Inda feshin ya yi kauri, hasken ya ƙone layukan, launi ya tafi. Inda ya yi siriri da yawa, ɓawon bai tashi ba. Ana buƙatar shimfiɗa daidai wa daida daga gefe zuwa gefe, ni kuwa da kwalbar feshin turare nake yi.

Rifkatu ta leƙo wata rana ta tarar da ni a gaban tulin farantan da suka lalace. Ta ɗauki ɗaya ta juya.

"Ke kam. Kina da mai feshi a gida, kina nan kina wahala."

"Mai feshin ba ya yi da ni."

"To ki bar aikin ya yi masa magana."

Na bi shawararta. Na kwaso farantai uku mafi muni na ajiye a teburin falo, inda yake ajiye hularsa, na shiga kicin ina leƙe. Ya shigo, ya cire hula, ya tsaya. Ya ɗauki ɗaya ya kai wajen taga ya karkata, ya rufe ido ɗaya yadda yake duba ƙofar mota. Na ga fuskarsa ta yamutse.

"Hajiya! Wa ya yi wannan feshin?"

"Ni ce."

"Subhanallahi. Dubi nan, ya yi hawaye. Dubi nan, ko taɓawa bai yi ba. Da me kika yi?"

Na nuna masa kwalbar turaren. Ya kalle ta, ya kalle ni.

"Ai wannan cin mutuncin sana'a ne. A gidana?"

Ya ajiye farantin ya shige ɗaki. Amma da Asabar na ji yana loda ƙaramar kwamfuresa mai hura iska a but ɗin mota, da 'yar bindigar feshi da yake zanen layi da ita a jikin mota. Ya ce in shiga mu tafi, ba don komai ba, don kada a ji a gari cewa matar mai fenti ce ta yi wancan aikin.

Kada ku ɗauka yana zuwa komai ya daidaita. Ruwan girafin ba fenti ba ne, ba shi da jiki, iska kaɗan sai ya watse. Farantansa na farko sun fi nawa muni, kuma na tabbatar ya san haka. Na ba shi tsohuwar rigata wadda ta ƙi ni, shi ma ta ƙi shi, ya sa ta a buɗe, hannayen sun tsaya masa a gwiwar hannu, ga takunkumi a hanci, ga hula zanna a ka. Muka yi ta gardama. Ni in ce ya rage iska, shi ya ce in ɗumama farantin tukuna, haka ake yi wa bodin mota da damina. Wani lokaci tawa ta yi, wani lokaci tasa. Ni na san abin da ke cikin kwalbar, shi ya san abin da ke cikin wuyan hannunsa, babu wanda zai iya shi kaɗai. Asabar ta zama tamu. Mukan tafi da kular dambu, mu ci a bakin baranda muna kallon ruwan sama. Ban san ranar da sanyin gidan ya tafi ba. Na dai tuna wata rana yana tsakiyar feshi, bai ko juyo ba, ya ce, "Dakta, miƙo mini wancan." Na miƙa masa, na juya baya ina gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara, don kada ya ga fuskata.

Damina ta kusa ƙarewa ranar da abin ya yi. Ya ɗauki hutun safiya daga gareji, ranar aiki ce. Ya fesa shimfiɗa sirara bi da bi, yana barin kowace ta sha iska. Na danna layukan faifai, na bari ya bushe, na ja fitilar baya kaɗan fiye da yadda na saba, na haska. Tas. Na ɗauka na kai taga. Kore ya taso, shuɗi ya biyo, ja ya rufe, daga wannan gefe har wancan babu tabo. Launi mun sha gani, don haka ba mu yi murna ba tukuna. Na ɗebo ruwa a bututun ɗiga, na ce bismillah, na saki ɗigo ɗaya. Ya sauka ya dunƙule, ya tsaya yana rawa, bakan gizo na haskawa ta cikinsa. Babanku ya sunkuyo ya hura masa iska kaɗan da baki. Ɗigon ya ruga ya faɗa ƙasa.

Ya ce, "Ƙara."

Na ƙara. Ya tafi.

"Ƙara dai."

Sai ya ƙwace kofin gaba ɗaya ya tuttule. Ruwan ya watse ya jiƙa mana takalma, farantin ko alamar laima babu. Na ji kabbara ta fito daga bakina da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Ranar Rifkatu ta shigo cibiya, na aika a kira ta, aka ce tana taro da baƙi. Na ce a gaya mata ganye ya yi. Ba a jima ba muka ji gudu a baranda, sai ga darakta guda da takalma a hannu. Ta zuba ruwa da kanta, ta ce, "Yesu na!" ta rungume ni muka yi ta tsalle kamar 'yan firamare, ita tana kuka ni ina dariya, Babanku ya koma gefe yana goge bindigarsa yana murmushi, wai shi bai ga abin ihu ba.

Ba zan ƙara wa abin girman da ba shi da shi ba. Bai zama kayan kasuwa ba. Farce yana kankare shi, rana mai zafi tana rage masa ƙarfi bayan ɗan lokaci, kuma faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Ba ni na ƙirƙiro tunanin ba, wasu sun riga ni da manyan na'urori. Abin da na nuna shi ne ana iya kusantarsa da abin da ke hannunmu. Na rubuta yadda muka yi, aka buga, kuma na sa sunan Babanku a wurin godiya. Ɗalibai sun zo sun koya, wasu har yanzu suna neman yadda zai yi ƙarko, ko wata rana a shafa shi a gilashin sola ko rufin ɗaki. Gidan kusa da Apo ba mu taɓa shigarsa ba, Babanku ya ci gaba da bin hanyarsa har ya miƙa garejin ga yaransa.

Kwana kaɗan bayan nasarar ya ce in ara masa faranti ɗaya, kuma in raka shi gareji. Rabona da Apo tun kafin maganar kujera, don na san abin da ake faɗa a can. Muka isa da hantsi, hadari ya haɗo ta gabas. Ya ajiye farantin a kan bonet ɗin wata mota, ya kira maƙwabta. Masu gyaran bodi da masu gyaran wayar mota da masu sayar da kayan gyara suka taru, har da Oga Emeka, maƙwabcinsa mai bugun bodi, wanda suka shekara ashirin suna tsokanar juna. Emeka ya ɗauka ya karkata, ya buɗe baki.

"Alhaji, wane fenti ne wannan? Daga ina ka kawo?"

"Babu fenti."

"Ƙarya ne. Ni na san fenti."

"Na fi ka sanin fenti, kuma na ce babu. Gawayin batir ne. Dakta ce ta yi, ni feshi kawai na yi."

Wani ya kawo ruwan leda ya tsiyaya, ya gangare. Wani ya ce ruwa mai tsabta ne shi ya sa, ya ɗebo na kwata mai laka, shi ma ya gangare ya tafi da ƙurar da ke kai. Aka ɗauki sowa. Emeka ya juyo wajena yana girgiza kai.

"Madam, sannu. Kina da wannan kai, amma suka hana ki kujera? Allah zai saka miki."

Na buɗe baki zan yi magana, Babanku ya riga ni.

"Emeka, ba wanda ya hana ta. An ba ta, ta ce ba ta so. Ita ta roƙi ƙawarta ta karɓa. Na yi fushi a lokacin, na bar ku kuna faɗin abin da ba haka ba. Yau ku ji daga bakina." Ya ɗaga farantin sama. "Darakta kowace shekara ana yin sabo. Wannan fa, a duk Apo wa ya taɓa ganin irinsa?"

Yana rufe baki ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya ruga ƙarƙashin rumfar kwano, ni ma Emeka ya jawo mini benci. Babanku kuwa bai motsa ba. Ya tsaya a tsakiyar fili da farantin a tafin hannunsa, ya miƙa shi sama, ruwa na dukansa. Hularsa ta jiƙe, kaftaninsa ya manne a jiki, ruwa na bin gemunsa, yana ta juya hannu don mutanen rumfa su gani.

Na ɗaga murya na ce, "Alhaji, shigo mana, za ka yi mura!"

Ya ce, "Bari su gani tukuna! Emeka, duba! Ni na jiƙe, shi bai jiƙe ba!"

Murar kuwa ya yi ta, ta kwantar da shi har na yi ta dafa masa citta da kanumfari. Duk wanda ya zo dubiya, kafin ya gama cewa ya jiki, sai Babanku ya miƙa hannu ƙarƙashin matashi ya zaro farantin ya ce, "Da sauƙi. Dakta, kawo mana ruwa a kofi."